Kafin ka sayi wata laftof saboda fanka na kuka

Laftof ɗin ƙanwata da ke karatu a nan Kaduna da ƙara ta fara. Da an kunna ta, fankar za ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe, gindinta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Ta zo min da magana guda: "Yaya, a canza ta kawai." Na ce mu fara gano mai cinye ƙarfin, tunda kuɗin tokumbo a yau ba wasa ba ne.

Ganowar ba ta cin ko sisi. A Windows ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, wato tagar da ke nuna ƙarfin da kowace manhaja ke ci. A Linux ka buɗe System Monitor, ko ka rubuta top a taminal, wato tagar rubuta umarni. Ka bar kwamfutar minti biyar ba ka taɓa ta ba, sannan ka duba sunan da ya fi cin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Daga wannan sunan za ka san inda kuɗinka zai tafi.

Ta ƙanwata Linux Mint ce, wani nau'in Linux, kuma wanda ya hau sama shi ne cinnamon, wato manhajar da ke zana fuskar kwamfutar: tagogi, madannai da sandar ƙasa. Direban hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, bai zauna daidai ba, sai duk aikin zanen da ya kamata katin hoto ya ɗauka ya dawo kan firosesa. Muka buɗe Driver Manager, muka sa direban da ya dace, muka kashe muka kunna. Data kawai muka kashe. A GNOME kuwa, wata fuskar Linux, sau da yawa ƙananan kayan kwalliyar da mutum ya ƙara ne ke wahalar da gnome-shell, manhajar da ke zana ta. Ka kashe su duka, ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. In ka ga Tracker, ko Baloo a fuskar KDE, lissafin fayilolinka suke yi, galibi in sun gama za su lafa.

In fuskar ce ta yi wa injin nauyi, akwai masu sauƙi, kuma kyauta. Linux Mint na da bugun Xfce da na MATE, Lubuntu kuma, wani nau'in Linux, tana amfani da LXQt tun 2018. Ni Xfce na fi so wa tsohuwar kwamfuta, domin ba ta da yawan rawar tagogi. Amma kada a ruɗe ka: fuska mai sauƙi ba ta rage wa burauza ci. YouTube na aiko da bidiyo da yawa a tsarin VP9 ko AV1, kuma katin hoton Intel sai daga ƙarni na 11 yake iya warware AV1 da kansa. A tsofaffi firosesa ce ke shan wahalar. Rage bidiyon zuwa 480p yakan kawo sauƙi nan take.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake saurin cewa "ƙara RAM". Ana faɗar haka tun ba a kunna kwamfutar ba. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ke buɗe, ƙara ta magani ne idan ka ga ta cika, musamman mai 4GB da ake buɗe wa shafuka goma sha. SSD kuma, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, na ceton wadda ke jan ƙafa wajen tashi da buɗe fayil, kuma lallai ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ko ɗaya cikinsu ba zai sauke firosesar da manhaja guda ta maƙure a kashi 100 ba.

Sai ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Kaduna ya san abin da yake sharewa a kan tebur kowace safiya, to irinta fanka ke zuƙa. Da mai gyara ya buɗe ta ƙanwata, wani curi ya zaro daga bakin iskar kamar audugar katifa. Firosesa in ta yi zafi sosai rage gudu take don ta kare kanta, sai ƙaramin aiki ya cika ta. A share, a sa sabon man sanyaya firosesa, musamman kafin zafin Maris da Afrilu.

In duk an yi wannan ba ta sauya ba, to saye ya kama. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na kwamfuta, kuma in firosesar Intel ce sai daga ƙarni na 8, don haka kada rubutun Core i7 a jikin kwali ya ɗauke maka hankali, tambayi ƙarninta. Ko a Kasuwar Gumi ne ko a shagunan Ahmadu Bello Way, ka ce, "Malam, a kunna min ita." Ka buɗe Task Manager, ka sa bidiyo ya yi minti goma, ka ɗora tafin hannunka a bakin iskar kana sauraren fankar kafin ka fara ciniki.