Kifin gwangwani da bushewar fata a hunturu

Kifin sadin na gwangwani mai giram 125, irin na shagunan unguwa, ya cancanci kuɗinsa ga mai fama da kaushi da bushewar fata. Kitsensa na omega-3 yana taimaka wa fata ta riƙe danshi, kuma sau biyu a mako ya wadatar. A ci har ƙayar, ta yi laushi.

Matsalarsa gishiri. Mai hawan jini ya rage dunƙule a girkin. A kwaɗon zogale ya fi daɗi, ba sai an sake soya shi ba. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, kada a saya. Canjin da za a gani a fata yakan ɗauki makonni, don haka a ci gaba da shafa man kaɗanya bayan wanka.