ASSIST: Takardar tantance shaye-shaye, amfaninta da inda take tuntuɓe

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta haɗa masu bincike daga ƙasashe da dama tun 1997 suka tsara ASSIST. Daga baya aka gwada ta tare da gajeriyar nasiha a asibitocin Ostareliya, Brazil, Indiya da Amurka, littafin jagoranta ya fito a 2010. Kyauta ce, tambayoyi 8 ne, kuma ma'aikacin lafiya na iya kammala ta cikin minti 5 zuwa 10.

Tambaya ta 1 ita ce abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa. Daga ta 2 zuwa ta 5 watanni 3 da suka wuce ake dubawa: yawan sha, kwaɗayin abin, matsalar lafiya ko kuɗi ko hukuma, da kasa sauke nauyin da ke kansa. Ta 6 damuwar 'yan uwa, ta 7 yunƙurin dainawa, ta 8 yin allurar kayan maye. Amsoshin suna da maki da ake tarawa. Giya: maki 0 zuwa 10 haɗari kaɗan, 11 zuwa 26 matsakaici. Sauran kayan maye: daga maki 4 an shiga matsakaici. Maki 27 zuwa sama a tura shi wajen ƙwararru.

Ƙarfinta yana wajen masu matsakaicin maki. Ɗan acaɓan da ke haɗiyar tiramol sau ɗaya a mako ya riga ya samu maki 4 a tambaya ta 2 kaɗai, alhali a gida ba wanda zai kira shi ɗan ƙwaya. Irinsa nasihar 'yan mintoci ke yi wa aiki. A Najeriya kuwa, inda binciken 2018 ya ƙiyasta masu shan ƙwayoyi miliyan 14.3, irinsa ba kaɗan ba ne.

Kura-kuran daga masu cikewa suke fitowa. Na farko, haɗa makin wiwi da na kodin wuri guda. Kowane abu lissafinsa daban. Na biyu, karanta sunayen rukuni yadda suke a takarda. Majiyyaci bai san su ba. Sai an ce masa tiramol da kodin rukuninsu ɗaya, roci da diyazifam suna cikin masu sa barci, sholisho cikin abin shaƙa. Maganin da likita ya rubuta, aka sha yadda ya ce, ba ya shiga lissafi. Na uku, wanda ya fi ɓata aiki: yin tambayoyin a gaban uba ko miji. Amsar “a'a” ce za ta cika takardar.

Ba ta tabbatar da cuta, tantancewa kawai take yi, kuma don manya aka gina ta. Ga matasa ƙanana akwai irin tasu, ASSIST-Y. Asibitin da bai da inda zai tura mai maki 27, ya fara nemo wannan hanyar kafin ya buga takardar.