Faifai mai huji da fad ɗin seramik, ko faifai sumul da fad ɗin tsere? Amsa ga mai Golf GTI

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu mai Golf GTI Mk7 da ke zaune a Dubai ya yi tambaya jiya da daddare, wai zai shiga ranar gudu da ake buɗe wa masu motar gida a Dubai Autodrome, kuma wani shago ya jera masa kaya kala biyu yace ya zaɓa. Na farko saiti ne na faifan birki mai huji-huji da fad (abin da ke matse faifan in an taka birki) na seramik, gaba da baya. Na biyu faifai ne sumul irin wanda motar ta zo da shi, da fad mai jure zafi a gaba, sai canjin man birki, kuma kuɗin kusan ɗaya ne. Na ga da yawa sun ce masa ya ɗauki na farko. To ni dai Malam na biyun zan ce maka, kuma ba ma kusa suke ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shine birkin da motarka ta zo da shi ba ƙarfi ya rasa ba. Yanzu haka in ka taka shi da ƙarfi ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, zai shigo, kaga kenan birkin ya fi ƙarfin taya, tayar ce ke yanke tsawon da za ka tsaya. Matsalar filin tsere zafi ce kawai. Motar nan nauyinta wajen kilo 1,400 ne, in ka sauko da ita daga gudun kilomita 200 zuwa 80 kafin kwana, zafin da birki ya sha a taku ɗayan nan ya isa ya kai ruwa lita 5 ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙu, kuma mafi yawansa a tayoyin gaba ya sauka. A titi sau ɗaya za ka yi haka ka huta, a fili kuwa kafin ya huce ka sake takawa, ka sake, minti 15 ko 20 ana abu ɗaya, ga zafin ranar Dubai wanda ba sai na ba ka labari ba. Don haka duk kayan da za ka saya tambayar ita ce yaya yake in ya ɗau zafi.

Mu fara da fad don nan ne bambancin ya fi girma. Seramik ɗin da shaguna ke sayarwa an yi shi ne don mai zuwa ofis, ba ya ƙara, ba ya baƙanta wili da ƙura, yana daɗewa. Ba shi da alaƙa da faifan kabon-seramik da ake gani a Porsche da Ferrari, sunan ne ke ruɗar mutane. In ya wuce zafin da aka yi shi dominsa sai ƙaron da ke haɗe da shi ya fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi, ka ji feda tana nan da tauri kana takawa iya ƙarfinka amma motar ta ƙi rage gudu, ga wari ya cika ciki. Fad ɗin tsere kuwa a zafin ne yake fara jin daɗin aiki. Amma su ma hawa-hawa ne. Akwai 'yan tsakiya masu yin titi da fili, irin su Ferodo DS2500 da Hawk HP Plus, sannan akwai na tsere zalla irin su Ferodo DS1.11, Pagid RSL29, Hawk DTC-60, Carbotech XP10. Na zallan nan suna cin faifai in suna da sanyi, suna ƙara a go-sulo har mutane su riƙa waiwayowa, ƙurarsu kuma in ta jiƙe ta kwana a kan wili tana kama shi ta ƙi fita. Kai da wannan ne zuwanka na farko kuma da tayar titi za ka shiga, ɗan tsakiya ya ishe ka, ni DS2500 zan saka. Ranar da ka koma tayar da ke kama ƙasa sosai, to dole fad ya hau sama, don taya mai riƙo ita ke ba ka damar taka birki a makare, zafin ya ƙaru.

Faifai kuma. Wlh mai hujin nan kyau ne da shi ta cikin wili, ban musa ba. Amma faifan birki ƙarfen zubi ne, aikinsa ya shanye zafi ya fitar da shi ta ramukan iskar da ke tsakiyarsa. In aka huda shi an rage naman ƙarfen da zai shanye zafin, sannan kowane huji wuri ne da tsagewa ke farawa, don faifan yana buɗewa in ya yi zafi ya tsuke in ya huce, yana ta yi har ka ga 'yan layuka sun fito daga bakin hujin. In layi ya haɗa huji biyu ko ya kai bakin faifai, shikenan sai dai a cire a zubar. Asalin hujin don fad ɗin zamanin da ne masu fitar da iska in sun yi zafi, fad ɗin yanzu ba su da wannan matsalar sosai. Wani zai ce ai Porsche na zuwa da mai huji daga kamfani, eh gaskiya ne, amma dubi girman faifan da iskar da aka tsara tana kai masa, kuma duk da haka masu yawan zuwa fili da yawansu canzawa suke zuwa mai tsaga, wato wanda kamfani ya yanka wa layuka a fuska maimakon huji. Sumul ɗin ba ya burge kowa, amma shi ya fi nama, ya fi arha, kuma faifai a fili kayan ƙarewa ne kamar yadda fad yake, gara wanda ba za ka ji ciwon canzawa ba. Mai tsaga yana tsakiya, yana share fuskar fad, kamun farko ya fi kaifi, amma yana cin fad da sauri. Akwai kuma mai gida biyu wanda tsakiyarsa alminiyom ce, irin na Girodisc ko AP Racing, ya fi sauƙin nauyi kuma zoben yana buɗewa ba tare da ya karkace ba, kaya ne mai kyau amma ba na yanzu ba ne.

Abin da ya sa ma saiti na farko ya faɗi tun ba a je ko'ina ba, babu man birki a ciki. Man birki yana shan danshin iska a hankali, yana tsufa yana saurin tafasa. Ƙa'idar DOT 4, wato ajin man birkin da motarka ke amfani da shi, ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa an yarda ya sauko har 155, dubi tazarar. In ya tafasa a cikin kalipa, wato gidan da ke matse fad a jikin faifai, kumfa ke shiga layin, ita kuma iska matsuwa take, sai feda ta tafi ƙasa salalam babu komai. Wannan ya fi na fad ban tsoro nesa ba kusa ba, don fad yana ba ka alama kaɗan-kaɗan, man birki kuwa zai iya yi maka farat ɗaya. A cikin man birki masu jure zafi, ATE Typ 200 yana kai 280, Motul RBF 600 ya haura 300, Castrol SRF ya fi su tsada amma ko ya sha danshi yana riƙe wajen 270. Duk suna tafiya da motarka. Wanda ba za ka taɓa ba shine DOT 5 na silikon, ba ya haɗuwa da su, kada ka ruɗe shi da DOT 5.1. Kuma ka tsaya a kan bakaniken ya zuƙe tsohon gaba ɗaya ta ƙafa huɗun, ba wai ya ƙara a gwangwani ya ce an gama ba.

Wani abu game da motarka musamman, ka duba ko mai Performance Pack ce, wato wadda kamfani ya ƙara wa kayan gudu. Ita tana zuwa da faifan gaba milimita 340, ta talakawa 312, kaga fad ɗinsu ma ba ɗaya ba ne, kada a yi maka oda a ɓata kuɗi. Sannan wadda ba Performance ba tana amfani da birki ne wajen riƙe tayar ciki in kana fita daga kwana, wato ko ƙafarka ba ta kan feda birkin gaba na aiki, shi ya sa suke saurin dafa fad. Ba ina cewa ka kashe na'urorin kariya a ranar farko ba fa, a'a, bar su, kawai ka san ana ƙara maka zafi ta bayan gida, ka riƙa yin zagaye ɗaya a hankali bayan kowane uku ko huɗu.

Fad ɗin baya in na kamfani ne kuma yana da nama bar shi. Tiyon birki mai saƙar ƙarfe yana gyara jin feda, ba ya rage zafi, ba dole ba ne.

In an ɗaura sabon kayan kada ka kai shi fili haka ɗanye. Nemi hanyar da babu kowa ka yi ta saukowa daga 100 zuwa wajen 20 da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiya ba birki ya huce, wannan ke shimfiɗa fad a fuskar faifai daidai. Yawancin kakkarwar sitiyari da ake cewa faifai ya lanƙwashe, ba lanƙwasa ba ce, fad ne ya manne wuri ɗaya. Shi ya sa in ka fito daga fili da birki mai zafi kada ka tsaya ƙafarka a kan feda, kada ka ja birkin hannu, in taka mai birkin hannu na maɓalli ce ka kashe Auto Hold, mai riƙe birki da kansa in mota ta tsaya, tun kafin ka shiga, ka bar ta a giya a wuri mai daidai. Tsakanin shiga da shiga ka leƙa da tocila ka ga naman fad, har na ciki, don wani lokaci shi ke riga ƙarewa, kuma fad in ya yi siriri ya fi saurin kai zafi ga mai. In ya sauka ƙasa da rabi ni ba zan fara yini da shi ba.

Babban saitin birki na kamfanin Brembo mai kalipa jan nan da wani ya kawo shawara, ajiye kuɗinka tukuna, kafin shi akwai jawo iska zuwa faifai wanda ya fi arha sosai. In ka dawo ka turo mana hoton faifan gaba da fad ɗin da robar da ke bakin fistan ɗin kalipa, daga nan za a gane ko ɗan tsakiyan ya ishe ka ko sai an hau sama.