Adireshin bogi a fakiti: bambancin UDP da TCP

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a nan. Ya ce ya haɗa kwamfutoci biyu na gwaji, ya buɗe ɗanyen soket a Linux (mashigar aika bayanai da ke ba ka damar tsara komai da kanka), ya rubuta kan fakitin, wato sashen farko na ƙunshin bayanan inda adireshi yake, da hannunsa da adireshin da ba nasa ba. Cikin hanyoyi biyu na aika bayanai a intanet da ya gwada, fakitin UDP ya isa lafiya, amma TCP ya ƙi haɗuwa. Shin shi ne ya yi kuskure?

Malam, ba ka yi kuskure ba, haka abin yake.

Wajen rubutawa dai duk ɗaya ne. Kan fakitin IPv4 bait 20 ne idan ba a yi masa ƙari ba, adireshin mai aikawa kuma bait huɗu ne kacal, daga na 12 zuwa na 15. A soket na yau da kullum kanel, wato zuciyar Linux, ne ke cike wannan gurbi. Da ɗanyen soket kuwa, muddin kana da ikon root (cikakken iko a kan na'urar) ko izinin CAP_NET_RAW, ka kunna zaɓin IP_HDRINCL mai ba ka damar rubuta kan fakitin, alƙalamin yana hannunka. Rautocin da ke hanya, wato na'urorin da ke miƙa fakiti gaba, adireshin mai karɓa suke dubawa, kamar ma'aikacin gidan waya da bai damu da abin da aka rubuta a bayan ambulan ba.

Inda hanya ta rabu shi ne wajen amsa.

UDP wasiƙa ce: ka jefa, ka tafi. Sabar ta karɓa, ta sarrafa, ta mayar da amsa ga adireshin da ta gani. Kai ba za ka ga amsar ba, wanda ka ari sunansa ne zai sha ta. A nan ɓarnar take, kuma wallahi ba ƙarama ba ce. Ƙaramar tambaya ga DNS (mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi) a ƙofa ta 53, ko NTP (mai daidaita agogo) a ta 123, tana iya jawo amsa mai nauyi ninkin-ba-ninki. A watan Fabrairun 2018 da wannan dabara aka yi wa GitHub ambaliyar da ta kai terabit 1.35 a daƙiƙa, ta hanyar sabobin memcached, wata manhajar ajiyar bayanai ta wucin gadi, da aka bari a buɗe a ƙofa ta 11211. Daga baya masu memcached suka rufe UDP, sai wanda ya ga dama ya kunna da kansa.

TCP kuwa sai an yi musabaha sau uku kafin a fara magana. Ka aika SYN, wato saƙon neman haɗuwa, sabar ta amsa da SYN-ACK ɗauke da lambar jeri da ta zaɓa, kai kuma dole ka maimaita mata lambar, ka ƙara ɗaya. To, SYN-ACK ɗin ba gidanka ya zo ba. Buɗe Wireshark, manhajar leƙa fakitoci, a kwamfutar da ka aika wa, za ka gani da idonka: SYN ya shigo, SYN-ACK ya fita zuwa adireshin bogin, sai ko dai mai adireshin na gaskiya ya turo RST, wato ban san da wannan magana ba, ko sabar ta yi ta maimaitawa har ta gaji.

A da ana iya cankar lambar, don tsofaffin manhajoji a jere suke ƙara ta. Robert Morris ya bayyana wannan rauni tun 1985, kuma da shi Kevin Mitnick ya kutsa kwamfutocin Tsutomu Shimomura a Disambar 1994, bayan ya toshe bakin na'urar da ya ari adireshinta don kada ta turo RST. Yanzu ana zaɓar lambar yadda ba za a canka ba, cikin lambobi sama da biliyan huɗu. Abin da ya rage shi ne cika wa sabar layi da SYN na ƙarya, irin wanda ya durƙusar da kamfanin Panix na New York a 1996, shi ma kukis na SYN, dabarar da sabar ba ta ajiye komai sai an kammala musabaha, sun karya lagonsa.

Wani abu da ke tuntuɓar da masu koyo: lissafin tantancewa (checksum, lambar da ake gane ko fakiti ya lalace) na TCP da UDP yana haɗawa da adireshin mai aikawa. Kanel zai gyara maka na kan IP, amma na ciki aikinka ne. Ka canza adireshi ka manta da shi, mai karɓa zai zubar da fakitin shiru.

Ni dai shawarata, ka tsaya a cikin kwamfutocinka na gwaji. Laifi ne a ƙasashe da dama ka aika irin wannan ga na'urar wani ba da izininsa ba. Darasin da ya fi amfani ma yana ɓangaren kariya: kundin ƙa'idar intanet na BCP 38, wanda aka fitar a 2000, ya ce kowace cibiya ta tare fakitin da ke fita da adireshin da ba nata ba. Sa kwamfuta ta uku a tsakani a matsayin rauta, ka mayar da rp_filter, saitin Linux mai tantance adireshin mai aikawa, zuwa 1, ka sake tura fakitin UDP ɗin nan da adireshin da ba na layinka ba, ka ga ko zai haye.