Ɗan agwagwa ya kasa tsayuwa: me za ka saya, me za ka bari a kan kanta?

Ɗan agwagwa mai mako biyu ko uku yakan fara ne da yawan zama. An zuba dusa, 'yan'uwansa sun ruga, shi kuwa ya yi taku uku ya durƙushe a kan gwiwoyinsa, ya dogara baki a ƙasa, yana taimaka wa kansa da 'yan fukafukan da ba su gama fitowa ba. In ka ɗaga shi ka duba, gwiwar ta ɗan kumbura, ƙafafun sun fara yin baka, amma idonsa tar, kuma in ka kai masa abinci har gabansa zai ci. A gidaje da yawa nan Zariya, abin da ke biyo baya shi ne a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo a juye a ruwa. Wannan kuɗin an zubar da shi. Kafson maganin ƙwayoyin cuta ne, shi kuwa wannan ciwon galibi daga kwanon abinci ya fito.

Abin da ya rasa bitamin B3 ne, wanda ake kira niyasin. Agwagwa ta fi kaza bukatarsa nesa ba kusa ba. A ma'aunin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1994, wanda masu haɗa abincin kaji ke aiki da shi har yau, ɗan agwagwa na bukatar miligiram 55 a kowane kilo na abinci, ɗan tsakon burola 35, na kajin ƙwai 27. Jikin kaza na iya ƙera wani kaso na niyasin daga furotin da ta ci, hantar agwagwa kuwa ba ta iya wannan aikin sosai. Sai kuma masara ta ƙara dagula lissafin: niyasin ɗin cikinta bai wuce miligiram 24 a kilo ba, kuma mafi yawansa a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi. Na dawa ma mafi yawansa a ɗaure yake. Shi ya sa 'ya'yan da ke bin uwarsu bakin fadama suna tsintar tana da ƙwari da ɗanyen ganye ba su cika kamuwa ba, amma waɗanda aka sayo a kasuwa aka kulle a kwali, ana ba su jiƙaƙƙiyar dusar masara safe da yamma, su ne ke zubewa.

Kafin ka taɓa aljihu, ɗauki ɗan agwagwan ka duba shi da kyau, domin ba kowane ciwon ƙafa ne na niyasin ba, kuma kowanne da abin da ake saya masa. Matsa bakinsa a hankali da yatsu biyu. In ya lanƙwasu kamar roba, ƙashi ne bai yi ƙwari ba, wato ƙarancin kalsiyam da fosforas da bitamin D3, kuma an fi ganin haka ga waɗanda ke ɗakin da rana ba ta shiga. In yatsun ne suka dunƙule ciki, bitamin B2 ake zargi. In tun ƙyanƙyasa ƙafafun suka tale, ɗaya gabas ɗaya yamma, duba inda ka ajiye shi: tayil, leda, jarida, ko cikin baho mai santsi. In ƙafa ɗaya ce kawai, nemi ƙaya ko rauni a tafin. In kuwa wuyan ya langaɓe, ko yana zawo, ko biyu sun mutu a dare ɗaya, babu abin da ke kan kanta da zai yi maka amfani, maganar likita ce.

Ga wanda ke da ɗaya ko biyu zuwa goma, ni dai ban ga abin da ya kai ƙwayar bitamin B kwamples ta mutane ba, 'yar ƙaramar nan da ake ƙirgawa a kowane kemis daga Tudun Wada har Samaru. Ta fi komai araha, kuma ko da daddare ne za ka samu. Sharaɗi ɗaya ne, ka sa a nuna maka robar ko kwalin ka nemi kalmar Nicotinamide ko Niacinamide, ka ga lambar da ke gabanta. Yawancin ƙananan suna ɗauke da miligiram 15 ko 20. Ma'aunin da masu kiwon agwagwa suka saba da shi miligiram 100 zuwa 150 ne a lita 4 na ruwan sha. In ka raba, ƙwaya ɗaya ke nan a ledar fiya wata ɗaya mai rabin lita. A murƙushe ta tsakanin cokali biyu, a zuba a gora a girgiza har ruwan ya yi ruwan ɗorawa. Kullum a haɗa sabo, a ajiye a inuwa, domin hasken rana na lalata B2 ɗin da ke ciki. Kada a ajiye wani ruwan a gefe, in ba haka ba can za su je. Abin da ke rage mata daraja shi ne halin agwagwa da ruwa: rabi a ciki, rabi a ƙasa. Don haka wanda ya fi jin jiki a ware shi da ƙaramin murfi, ko a kwaɓa masa abincinsa da ruwan maganin. Kada a ɗura masa da ƙarfi, yana iya shaƙewa, a diga a gefen baki ya haɗiye da kansa. In an ɗan zarce ma'auni ba abin tashin hankali ba ne, rarar bitamin B tana fita ta kashi. Amma a guji manyan ƙwayoyi masu tsada da aka haɗa da sinadarin ƙarin jini, da waɗanda aka rubuta suna narkewa a hankali cikin jiki.

In 'ya'yan sun kai ashirin ko talatin, daka ƙwaya kullum ya zama wahala, nan ne garin bitamin na kaji, wanda ake sayarwa a leda a shagunan maganin dabbobi na Sabon Gari da Samaru, ya fi dacewa. Sai dai nan ne kuma aka fi yin sayen da-na-sani. Ka ce wa mai shago, "Malam, a ba ni bitamin na agwagwa," zai miƙo maka abin da aka fi saye, kuma abin da aka fi saye shi ne wanda aka gauraya da maganin ƙwayoyin cuta, don masu burola shi suke nema. Juya ledar ka karanta bayanta. Iri uku za ka tarar. Akwai mai A da D3 da E kaɗai, wannan ba ya da niyasin ko ɗigo, amfaninsa ga mai laushin baki ne, kuma shi ba a zarce ma'auninsa don taruwa yake a jiki. Akwai mai haɗe da maganin ƙwayoyin cuta, za ka ga sunaye masu ƙarewa da cycline ko mycin a saman jerin, wannan a mayar masa da abinsa. Na ukun shi ne bitamin zalla, wani lokaci da gishirin maido da ƙarfi, kuma a cikinsu ma sai ka zaɓi wanda lambar niyasin ɗinsa ta fi girma. Ka tuna don kaza aka auna shi, saboda haka wanda ya riga ya zube ƙasa kada a bar shi da garin kaɗai, a ƙara masa ƙwayar kemis. Duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ledar da garinta ya dunƙule ya yi tauri, damshi ya shige ta.

Akwai kuma ruwan B kwamples na allura, na shanu da tumaki, a kwalba mai duhu. Yana da ƙarfi, kuma likitoci kan ba da shi ta baki ga tsuntsun da ya galabaita. Amma kwalba guda ta yi wa 'yan agwagwa uku yawa, kuma tsira allura a jikin abin da bai cika tafin hannu ba aikin wanda ya koya ne. In akwai awaki a gidan kuma kwalbar na nan, a tambayi likita adadin digon.

Masu karatu a intanet za su ci karo da shawarar barbaɗa busasshen yis a abinci. Shawarar daidai ce, amma irin yis ɗin da ake nufi wanda aka kashe da zafi ne, kuma samunsa a Zariya sai an sha yawo, in an samu ma da tsada. Yis ɗin fanke da burodi mai rai ne, yana iya kumbura musu ciki. Ba shi ake nufi ba.

Duk waɗannan ceto ne na gaggawa. Sayen da ke hana ciwon dawowa shi ne abinci, kuma a nan ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Abincin da aka haɗa musamman don agwagwa ba ya yawo a kasuwanninmu, dole a zaɓa cikin na kaji. Sitata na burola, wato abincin farko na 'yan tsakinsu, shi ne mafi kusa, furotin ɗinsa ya yi daidai da kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari da ɗan agwagwa ke so a makonni biyun farko, kuma niyasin ɗinsa ya fi na cik mash, abincin 'yan tsakin kajin ƙwai. Bayan mako biyu zuwa uku a sauko zuwa girowa, abincin kaji masu tasowa, ko a surka sitatan da dusar alkama, domin in jiki ya yi nauyi da sauri ƙafa ce ke biya, wani lokaci har fiffike ya murɗe waje. Wanda ba a yarda a ba su ba ko kyauta ne shi ne leyas, abincin kajin ƙwai. Kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari saboda ɓawon ƙwai, ɗan agwagwa kuwa bukatarsa ba ta kai kashi 1 ba, rarar tana lalata ƙoda. Na faɗi haka ne don a gidan da ake kiwon kajin ƙwai, hannu ya fi saurin kaiwa ga buhun da ke kusa.

Buhun kilo 25 ya yi wa mai 'ya'ya goma yawa, shi ya sa ake saye a mudu. Ba laifi, amma ka lura da buhun da ake aunowa. Wanda ya kwana biyu a buɗe a rana bitamin ɗinsa ya ragu. Ɗebi kaɗan ka sansana, ka murza a tafin hannu. In ya yi ƙanshin hatsi ya kuma watse, to. In yana warin rima ko yana dunƙulewa, wuce gaba. Masu niƙa nasu da kansu kuwa, firimis na burola ake sawa, garin bitamin da ma'adanai da ake gaurayawa a abinci, kilo 2.5 a tan ɗaya, wato giram 2.5 a kowane kilo. Wanda ba shi da ƙaramin sikeli kada ya shiga wannan.

Maganar funfuna tana bukatar a tsaya a kanta, domin tana shafar abin da ya fi kama da mafita a ƙasar gyaɗa irin tamu. Gyaɗa na da niyasin mai kyau, saboda haka tunkuza da ƙuli-ƙuli suna jan hankali, ga su kusa, ga araha. To amma gyaɗa da masarar da suka sha damshi suna haifar da gubar afulatoksin, kuma cikin duk tsuntsayen gida babu wanda take kashewa da sauri kamar ɗan agwagwa. A 1960 wannan guba ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila ta hanyar tunkuzar da aka kai daga Burazil, daga baya har da 'ya'yan agwagwa masu bincike suka riƙa gwada ko abinci na ɗauke da ita. Adadin da kaza za ta ci ta wuce lafiya, shi zai lalata hantar ɗan agwagwa, kuma raunin ƙafa na cikin alamominta. In tunkuzar gida ce, daga gyaɗar da aka tsince aka zubar da ruɓaɓɓu, a ba su kaɗan. Ƙulin kasuwa, mai gishiri da yaji, wanda ba ka san gyaɗarsa ba, a bar wa masu kwaɗo. Abin da ya fi aminci shi ne 'yar dafaffiyar hanta a daddatsa, ko garin ƙananan busassun kifi marasa gishiri, ko gara da shinge in damina ta faɗi, da yankakken alayyahu ko zogale a watsa a ruwa su yi ta tsinta. Dafaffen ƙwai yana ba da B2 da ƙarfi, amma niyasin ɗinsa kaɗan ne. Wasu kan ba da abincin tarwaɗa. Ɗan barbaɗe ba laifi, sai dai furotin ɗinsa ya haura kashi 40, ba abin ci kullum ba ne.

Sauran sayayyar ba ta kai ta kawo ba. Tsohon buhun algarara ko tawul a shimfiɗa don ƙafa ta samu abin kamawa. Ga mai talallun ƙafafu, filastar kemis: a naɗa a kowace ƙafa ƙasa da gwiwa, a bar tazara daidai faɗin tsayuwarsa, a riƙa kwancewa kullum ana duba ko ta matse. Da rana a sa shi a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna ya motsa ƙafa ba tare da nauyin jiki ba, kana tsaye a kansa, sannan a goge shi ya bushe sarai. Gashin jariri na jiƙewa, kuma a sanyin hunturun Zariya jiƙaƙƙen ɗan agwagwa ba ya kai safe.

In niyasin ne kuma an tare shi da wuri, cikin 'yan kwanaki za ka ga ya fara miƙewa, sai a ci gaba da ba su har su kai mako takwas zuwa goma. In ƙashin ya riga ya lanƙwashe, ko jijiyar bayan gwiwa ta goce daga mazauninta, bitamin zai hana abin ƙaruwa amma ba zai miƙar da ƙafar ba, kada a yi ta sayen magani a kansa. Mako guda ba canji, ko ciwon na bin sauran, a nufi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. A tafi da marar lafiyan a kwali, da ɗan abincin da ake ba su a ƙulli, da ledar duk maganin da aka riga aka ba shi. In akwai wanda ya mutu a ranar, a sa shi a leda a tafi da shi, likita zai buɗe ya duba hantar.