Takalmin kaboyi na Ariat StretchFit, ga masu kaurin sha-raɓa irina

'Yan uwa mata, duk wacce ke zaune a Texas ta san idan ƙarshen Fabrairu ya doso garin Houston sai ka ga kowa ya koma kaboyi, saboda bikin rodiyo, wato wasannin hawan doki da shanu na kaboyi, da ake yi a filin NRG Park, bikin da asalinsa tun 1932 aka fara. Akwai ma ranar Juma'ar da suke kira Go Texan Day, makarantu da ofisoshi da bankuna kowa da hularsa da dogon takalminsa. To mu da Allah ya hore wa dambubu anan ne matsalar take, ƙafa ta shiga lafiya lau amma wuyan takalmin ya zo rabin sha-raɓa ya tsaya cak, ki ja ki ja har yatsun hannu su yi ja, wani ma ya shiga amma ya matse ki har ya bar shaida a fata. Shi yasa nace bari in yi bayanin wanda ya min, da abubuwan da ya kamata ki duba kafin ki fitar da kuɗinki.

Abu na farko, kuma wallahi shi ne ya fi cin kuɗin mutane, harafin nan da ake rubutawa kusa da lambar takalmi, B ko C, faɗin tafin ƙafa yake nufi. B shi ne na yawancin mata, C ya fi faɗi. Babu ruwansa da sha-raɓa ko kaɗan. Sai ki ga mace ta sayi mai faɗi tana murna, ya zo ƙafa na yawo a ciki amma sama na nan a matse yadda yake. Haka ƙara lamba, daga 8 zuwa 9 misali, ɗan abin da zai ƙaru a wuyan bai taka kara ya karya ba, kin dai ja wa dunduniyarki ƙuna ne kawai. Abin da za ki yi shi ne ki samu tef irin na tela, ki zauna kan kujera ƙafa a ƙasa, ki zagaya wurin da ya fi kauri, kuma ƙafa biyun duka dan ba lallai su zo ɗaya ba. Ki auna da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. In wando za ki dinga cusawa ciki to da wandon za ki auna. Sannan ki auna daga ƙasa zuwa sama ki ga inda bakin takalmin zai tsaya miki, dan mai tsawon inci 11 a jikin doguwa bai ma kai wurin kaurin ba, a jikin gajera kuwa daidai kansa zai faɗa. Yawancin na mata zagayen bakinsu wajen inci 13 zuwa 14 ne, ni kuma nawa awon inci 16 ne, kin ga ai dole a sha fama.

Wanda na saya shi ne Heritage R Toe StretchFit na kamfanin Ariat. Kamfanin mata biyu ne suka kafa shi a 1993, Beth Cross da Pam Parker, kuma abin da suka yi suna da shi shi ne sa wa takalmin hawan doki ciki mai taushi irin na takalmin wasanni. Dabarar StretchFit ɗin mai sauƙi ce, roba mai miƙewa suka saka a gefe da gefe ƙarƙashin kunnuwan da ake ja, in ba an ƙura ido ba ba wanda zai lura, daga nesa takalmin kaboyi ne sak da ɗinkin adonsa. Da na zura ƙafa sai naji wuyan ya buɗe ya karɓe ni, ya kama amma bai cije ba, in na zauna ma baya tsunkule min bayan ƙafa. Fata ce ta gaske, ƙasansa kuma roba ne, wannan ya min daɗi sosai saboda masu ƙasan fata in suna sabbi santsi suke a kan tayil, ga ruwan saman Houston da baya sallama. Dunduniyar ba ta da tsawo, na wuni da shi a tsaye ban ji bayana ya riƙe ba. Kuɗinsa bai kai dala 200 ba lokacin da na saya, kuma a ganina ya ci kuɗinsa.

Kafin shi na taɓa yin odar wani mai araha ta intanet, an rubuta na masu kaurin ƙafa ne, eh ya shiga kam amma leda ce, ga zafi ga gumi, bai daɗe ba ya fara saɓulewa a wurin lanƙwasa. Leda ba ta bin jiki, yadda ta zo haka za ta ƙare, fata kuwa tana saki a hankali ta ɗauki siffar ƙafarki.

Kar ki tsorata in kin ji dunduniya na ɗan ɗagawa lokacin da kike tafiya da sabo, kamar rabin inci ko ƙasa da haka, haka ake so, in ƙasan ya yi laushi zai ragu. Wurin da ya kamata ya kama ki shi ne saman ƙafa, tunda ba igiya ba zif nan ne kaɗai ke riƙe takalmin. Dama dan hawan doki aka yi shi, tsinin gaba dan ya shiga likkafa da sauƙi, dunduniya dan ta hana ƙafa zarcewa, dogon wuya dan kare ƙwauri daga ƙaya, shi yasa asalin yankansa siriri ne. Yatsu dai su samu wurin motsi, in sun takura tun a shago to ba naki bane.

Yanzu gaskiyar magana, roba tana da iyaka. In awonki ya wuce inci 17 ina ba ki shawara ki je shago da kanki, Cavender's ko Boot Barn, ki gwada kafin ki biya, ki tafi da safar da za ki dinga sawa. Akwai hanyoyi ma bayan wannan. Akwai gajeren da ake kira roper, wuyansa bai kai na sauran ba kuma dunduniyar a kwance take, kamfanin Justin da suke sana'ar tun 1879 sun yi suna da shi, sau da yawa yakan tsaya kafin ya kai wurin kaurin. Akwai ɓangaren maza, wuyan nasu ya fi faɗi, ki rage lamba ɗaya da rabi daga taki, mai sa 9 ta nemi 7 da rabi, sai dai faɗin ƙafar ma ya fi, kuma adonsu ba yawa. Sannan ki duba yankan bakin, wanda aka zurfafa tsagar gaba da baya ya fi ba da wuri. Shumeka ma zai iya buɗa miki fata ta gaske da ɗan abin da bai wuce inci guda ba, ko ya tsaga ya sa roba ko zif, amma ki sani da zarar an taɓa shi shago ba za su karɓa ba.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Ko na wane kamfani za ki saya ki leƙa cikinsa, wasu takalman da fatar alade ake musu shafi, alamarta ƙananan ɗigo uku-uku a jere a jikin fatar, in kin yi shakka ki tambayi masu shagon ko ki rubuta wa kamfanin kafin ki biya. Na biyu alwala, cire takalmin da ba zif a banɗakin ofis aiki ne, to anan ma robar gefen ta taimaka min, yana fita ba kokawa. A gida kuma akwai ɗan katako mai baki kamar gwafa da ake saƙala dunduniya a ja ƙafa, ana sayar da shi a shagunan nan ba tsada.

Ni da doguwar riga ko siket mai faɗi nake sawa, kan takalmin kawai ake gani, launin ƙasa-ƙasa na ɗauka dan ya shiga da abaya baƙa da atamfa duka. Ki dinga shafa masa man fata lokaci lokaci, in ya jiƙe ki bar shi ya bushe a inuwa kar ki kai shi kusa da hita, kuma in za ki ajiye ki naɗe takarda ki cusa a wuyan dan kar ya karye ya lalata robar.