Kafin ka sayi kwamfuta a Yamai, ka tambayi inda lasisinta yake

Mai sayen kwamfuta a Yamai yakan duba batir, ya tambayi girman RAM, ya latsa madannai ya ga ko AZERTY ne. Lasisin Windows kuwa ba ya zuwa masa a rai sai ranar da aka yi mata format, rubutun nan na "Activer Windows" ya fito a kusurwar allo ya ƙi tafiya. Alhali tun a bakin shago ya kamata a san irin lasisin da ke ciki, domin wani yana bin mutum, wani yana bin na'ura, wani kuma na aro ne.

Sabuwar kwamfuta ta cikin kwali yawanci da lasisin OEM take zuwa, wato wanda kamfanin da ya ƙera ta ya saka mata. Tun daga Windows 8, a 2012, aka daina liƙa takardar mabuɗi, wato lambar kunna Windows, a ƙasan na'ura, aka koma dasa shi cikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kat-mer. Ka yi format sau goma, ka cire tsohon diski ka sa sabo irin na SSD, ka ƙara RAM, da zarar ta hau intanet Windows za ta gane kanta. Amma lasisin na wannan allon ne kaɗai. In wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, abin da ba baƙo ba ne a nan lokacin zafi, ko ka sayi wata na'ura, ba ya bin ka.

Wanda ke bin mai shi shi ne na Retail, wanda ake saye daban daga Microsoft ko wakilinsa. Ya fi tsada, amma kana iya cire shi daga tsohuwa ka kai sabuwa, muddin kwamfuta ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Ka haɗa shi da asusunka na Microsoft tun komai yana lafiya. Ta nan ne, bayan canjin kat-mer, za ka shiga wurin warware matsalar lasisi ka shaida musu cewa ka canja kayan ciki. A ganina mai kwamfutar tebur da ke yawan sauya mata kaya ne ya dace da wannan. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni mai laptop ɗaya ba ya bukatarsa.

Inda rikicin yake shi ne kwamfutocin hannu, kuma su ne akasarinmu muke saye. Dell Latitude, HP EliteBook, Lenovo ThinkPad, yawancinsu tsofaffin na'urorin ofisoshin Turai ne, kuma da yawa suna da mabuɗin Windows Pro na gaske a cikin allonsu. Sai mai shago ya ɗauko filashin USB ɗinsa guda da yake zuba wa kowace na'ura, ya sa mata wata Windows, ya kunna ta da manhajar sata mai kwaikwayon KMS. Shi KMS tsarin kunna Windows ne da aka yi don kamfanoni masu kwamfutoci da yawa, kuma dole a sabunta shi cikin kwana 180. Kamar mai gidan kansa ne da aka sa shi zaman haya. In ka tambaya, amsar da za ka ji ita ce: "Alhaji, ai an yi mata aktibe, duba ka gani." Gaskiya ya faɗa, an kunna, sai dai bai ce da me ba.

Binciken ba ya cin minti biyu. Ka ce, "Malam, ba ni in duba." Latsa madannin Windows da R tare, rubuta slmgr /dli. Ƙaramin akwati zai fito: in ka ga OEM ko RETAIL, madalla, in ka ga VOLUME_KMSCLIENT a na'urar da ba ta wata ma'aikata ba, ka san na aro ne. Sake rubuta slmgr /xpr, zai gaya maka ko kunnawar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne, ko ka sa a zuba mata nau'in da ya dace da mabuɗin cikinta. Windows nau'i-nau'i ce: mabuɗin Home ba ya buɗe Pro, na Pro ba ya buɗe Home.

Su kuma mabuɗan nan masu haruffa da lambobi 25 da ake tallatawa a WhatsApp a kan ƴan jikkuna, galibi na kamfanoni ne da aka yanko ana sayarwa. Suna iya aiki yau, gobe a toshe su, ba wanda za ka kama.

Ka duba shekarun na'urar ma. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Lasisin 10 na gaske yana wucewa zuwa 11 kyauta, amma sai na'ura tana da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikinta, kuma in processor ɗinta na Intel ne, yawanci daga zubi na 8 zuwa sama. i5-8250U, ɗan zubi na 8, ya shiga, i5-6300U, ɗan zubi na 6, bai shiga ba, komai kyan jikinsa. Tsoffin mabuɗan Windows 7 da 8 kuwa, tun 2023 aka rufe musu wannan ƙofa.

Office, wato su Word da Excel, lissafinsa daban ne, lasisin Windows bai haɗa da shi ba. Microsoft 365 biya ne duk wata ko duk shekara, yana bin asusunka: ka shiga a sabuwar na'ura, shi ke nan, har na'urori 5 a lokaci ɗaya. Sai dai biyan yana bukatar katin banki mai aiki a intanet. Office 2024 sau ɗaya ake biya, na kwamfuta ɗaya, shi ma a asusu yake rataye. To asusun wa? In mai shago ne ya kunna maka da imel ɗinsa, Office ɗin nasa ne, ranar format za ka gane haka. Wanda aikinsa wasiƙu ne da ɗan lissafin shago, LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma da Faransanci.

Kafin ka miƙa kwamfuta a yi mata format, rubuta nau'in Windows ɗinta a takarda, Home ko Pro, ka tabbata kana tuna kalmar sirrin asusunka, kuma layin wayar da ka yi rajista da shi yana hannunka, don can za a turo lambar shiga.